Ƙwayar Ƙirji a Gaban Suruki

Rana ba ta gama ɗagowa ba zafi ya sauka a Belbeji. Bazara ta yi nisa. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu a gabas ya yi baƙi, mutane su fito suna kallonsa, sai ya watse ba ɗigo ko ɗaya. Awaki sun koma cin kwali a bakin kasuwa.

Sabi'u, wanda kowa yake kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a nan, yana durƙushe a tsakar gida yana ɗaure jarkar ruwa a bayan babur. Lahadi ce, ranar da ya saba shimfiɗa tabarma a zaure ya huta da ihun yara. Amma an yi rasuwa a wani zangon makiyaya can arewa da kwarin Tarka, surukinsa Attahir kuma ya ce sai ya je gaisuwa, don mamacin abokinsa ne tun suna kiwon ƴan awaki. Ƴaƴan tsohon maza duk suna daji da raƙuma. Babur ɗaya ne a dangin kaf, na Sabi'u.

Matarsa Raishatu ta fito daga ɗaki tana gyara goyo, ta tsaya a kansa.

"Kwalbar maganin Baba tana aljihunsa na gaba. Na duba murfin, a rufe yake gam. Ƙwayar safe kuma ya sha a gabana."

"A gabanki ai zai sha. Ke ƴarsa ce."

"Mushe, ka saki igiyar nan ka dube ni."

"Ina jin ki, Madam Inspekta."

"In ciwon ya taso, ya zauna tukuna. A ƙasa, ba a tsaye ba. Kai kuma kada ka matsa ko nan da can. Ko ya kore ka."

"Ni na karanta miki takardar lokotoro, yau ke ce kike mini bita?"

"Karatu daban, wannan daban. Na san ka sarai. A aji kai ne mai tsawa, a gaban Baba kuwa ko ƙuda ba ka iya kora."

Gaskiya ta faɗa.

Tun daminar da ta wuce ciwon ya kama Attahir. Wani nauyi ne yake danne masa ƙirji in ya yi sauri ko ya ja guga, ya gangara har hannun hagu, in ya huta ya sake shi. Sabi'u ne ya kai shi Damagaram. Lokotoro, wato likita, ya ce hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya ne suka ƙuntata. Ya ba da ƙwaya ta kowace safiya, da wasu ƙanana a cikin ƴar kwalba mai duhu, waɗanda ake sawa a ƙarƙashin harshe su narke, ko in ciwon ya taso, ko kafin a yi abin da aka san yana tayar da shi. Ya ja kunne sosai a kan abu guda: maganin yana buɗe jijiyoyi, jini ya sauka, jiri ya ɗebi mutum. Saboda haka a zaune ake sa shi, kuma da wani a kusa in da hali.

A takarda abin ba wuya. Sai dai takarda ba ta san amawali ba.

Attahir mutumin rawani ne, daga makiyayan arewa da suka zauna a gefen gari bayan fari ya cinye musu rabin dukiya. Amawalinsa, wato sashen rawanin da ke rufe baki da hanci, ba ya sauka a gaban mutane. In ana shan shayi yakan tura kofi ta ƙarƙashinsa ya kurɓa. A gaban suruki kuwa ko wannan babu. Ba ci, ba sha, ba abin da zai shiga baki, ba kuma nuna cewa jiki ya gaza. Tun da aka ɗaura auren Raishatu, Sabi'u bai taɓa ganin leɓen surukinsa ba. Shi ma, da yake Bahaushen Damagaram ne da aka yi wa tarbiyya, bai taɓa kurɓar ruwa a gaban tsohon ba.

Ranar sunan jaririn da Raishatu take goye da shi, dangin Sabi'u suka zo daga Damagaram suka cika zaure. Attahir yana zaune a cikinsu ciwon ya taso. Ya miƙe kamar zai kama ruwa, ya zagaya bayan rumbu, ya sa ƙwayar a tsaye don ya yi sauri ya dawo kafin a lura. Mata ne suka tsince shi a kwance, goshinsa ya daki gindin turmi, jini ya jiƙa rawanin. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko surukai sun gani.

Wannan tambayar ce ta tsaya wa Sabi'u a wuya har yau.

Gwaggo Balki, ƙanwar Attahir, tana zaune a inuwar bango tana saƙar tabarma, kunnenta yana wajensu.

"Ku yaran yanzu da surutu," in ji ta. "Kai dai ka kai shi ka dawo da shi. Rai a hannun Allah yake."

"A hannunsa yake, Gwaggo, shi ya sa ya ba mu hankali. Ko an saukar da aya cewa mutum ya mutu don kada surukinsa ya ga bakinsa?"

"Ji ɗan lakwal! Haka muka tarar da iyayenmu, kuma sun tsufa lafiya lau."

"Waɗanda suka tsufa kike tunawa. Waɗanda suka faɗi a bayan rumbu fa?"

"Raishatu, ɗauke mini mijin nan naki tun bai sa na ɓata saƙa ba."

Sabi'u ya koma kan ɗaurin jarkarsa. Ya yi irin wannan gardamar har ya gaji, a zauren maigari, a teburin mai shayi, a taron iyayen yara. Kowa ya gyaɗa kai ya ce wallahi Mushe ya yi gaskiya, a shafa fatiha, a watse, a ci gaba da abin da ake yi.

Aka yi gyaran murya a ƙofar gida. Attahir ne, dogo, siriri, cikin shuɗiyar riga, idanu kawai ake gani. Kafin Sabi'u ya ankara gwiwoyinsa sun kai ƙasa, idonsa yana kan takalman tsohon.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya, Mushe. Mu kama hanya tun rana ba ta yi ƙarfi ba."

Raishatu ta zuba wa mijinta ido. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Suka fita gari ta arewa. Tsohon yana zaune a baya, ya riƙe ƙarfen ɗaura kaya da hannu biyu, ya bar tazara a tsakaninsu don kada jikinsa ya taɓa na surukinsa. Hanyar ba hanya ba ce, sawun amalanke ne da na dabbobi. Suka wuce gonakin da aka share ana jiran ruwa, suka wuce aduwa da farar ƙaya, suka wuce gawar saniya da ungulu suka gama da ita. Ƙishi ya fara damun Sabi'u tun kafin su fita daga kwarin, ga ruwa yana ƙara a jarka, amma ba halin sha.

Hantsi ya ɗaga sosai suka iso wani dogon tudun rairayi da ya tare hanya. Sabi'u ya ba babur wuta, ya hau kaɗan, tayar baya ta nutse tana watsa ƙasa. Ya sake gwadawa, injin ya yi tari ya mutu.

"Sai mun taka, Baba. In mun kai sama sai mu hau."

Attahir ya sauka. Sabi'u ya ɗaga kai ya dubi tudun. Ga abin da lokotoro ya ambata da bakinsa: hawa, zafi, rairayin da ƙafa take nutsewa a ciki. Ya yi magana yana kallon tayar babur.

"Lokotoro ya ce kafin hawan tudu, in mutum ya zauna ya sa guda ɗaya, ciwon ba ya ma tasowa."

"Lokotoro ya faɗi gaskiya," in ji Attahir. "Tudun nan na hau shi da ɗan raƙumi a wuyana tun ba a haife ka ba."

"Wancan lokacin daban ne, Baba."

"Tura babur ɗinka, Mushe."

Ya tura. Mutumin da ya karanta takardar, ya san abin da ke cikinta, ya cika gida da wa'azi da safe, shi ne ya sunkuyar da kai ya kama kan babur ya bi bayan tsoho mai ciwon zuciya suna hawan tudu cikin wannan zafi, don kawai an ce masa tura.

Sun kai kamar rabi Attahir ya tsaya. Ya sunkuya kamar mai duba sawun dabba. Ya ɗan ci gaba, ya sake tsayawa. Sabi'u ya ga hannunsa na dama ya shige cikin riga ya dunƙule a kan ƙirji. Na hagun yana lilo kamar ba nasa ba. Gefen rawanin da ke goshi ya yi duhu da gumi.

"Mushe." Muryar ta fito a shaƙe. "Kwantar da babur ɗin. Haura sama ka dubo mini ko da mutane a rijiyar bayan tudu."

Ba rijiya ce ta dame shi ba, su duka biyun sun sani. Wuri yake so a ba shi.

Sabi'u ya kwantar da babur. Ƙafafunsa suka fara hawa da kansu, kamar yadda suka saba yi duk lokacin da tsohon ya aike shi. Sai ya dubi wurin. Ba itace, ba inuwa, ba mahaluki, gangare ne kawai da rana. Ya san surukinsa: a tsaye zai jefa ƙwayar, don ya gama kafin a dawo a same shi zaune kamar marar lafiya. Ya ja ya tsaya.

"Ba zan je ba, Baba."

Idanun da ke tsakanin rawani suka juyo a hankali.

"Na aike ka."

"Na ji. Ba zan je ba. Ku zauna ku sa maganin, ina nan. Wancan karon turmi ne, kuma mata suna kusa. Nan wa zai tsince ku? In na haura na dawo na tarar da ku a kife, me zan gaya wa Raishatu? In ce mata na kiyaye kunya?"

"A lakwal..." Attahir ya tsaya ya ja numfashi. "A lakwal aka koya maka tsayawa a kan surukinka?"

"A lakwal aka koya mini zuciya ba ta san suruki ba!" Muryar Sabi'u ta tashi irin ta aji, bai iya riƙe ta ba. "Ƴar ƙwaya ce, Baba, ba ta fi gero ba! An yi tafiya har Damagaram an samo ta, tana aljihunku, hannunku yana kanta, amma sai a bar mutum ya mutu saboda ƙyalle! Mutum nawa za mu binne a ƙasar nan muna cewa haka muka tarar? Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, in an mutu a zo a zauna a ce kwana ne ya ƙare!"

Attahir ya juya, ya kama tafiya a karkace cikin gangaren, ya nufi wata tumfafiya da ke can nesa, yana jan ƙafa, kowane taki sai ya tsaya. Tun da surukin ya ƙi tafiya, shi zai tafi.

Sabi'u ya ga abin da wa'azinsa ya haifar: tsoho yana ƙara wa zuciyarsa aiki don ya guje masa. Ya ruga ya sha gabansa, ya juya masa baya, ya zube a rairayi yana fuskantar kudu.

"Na rantse da Allah ba zan waiwayo ba. Ku zauna."

Ko rantsuwar ce, ko ƙafafun ne suka gaza, bai sani ba. Inuwar da ke gefensa dai ta nuna masa tsohon ya durƙusa, ya zauna, shi ma ya ba shi baya. Sai Sabi'u ya ja jiki da baya a hankali har bayansa ya haɗu da na surukinsa. Attahir ya sandare kamar an taɓa shi da garwashi.

"Mene ne haka?"

"Idona yana kudu, Baba, ba na ganin komai sai babur. Amma in jiri ya ɗebe ku, ina so ku faɗo a kaina."

Ta cikin riga Sabi'u yana jin ƙasusuwan bayan tsohon, yana jin numfashinsa gajere-gajere. Rairayi yana ƙona shi ta cikin wando. Ya gane duk kalmar da zai ƙara jinkiri ce. Can sai ya ji kafaɗa ta motsa. Ya ji murfin kwalba yana juyawa. Ya ji an mayar an rufe.

"Ƙarƙashin harshe, Baba. Kada ku haɗiye."

Gurnani aka yi masa, irin wanda yake nufin yi mini shiru.

Ya ciro salula. Ba rezo, wato sabis ɗin waya, ko kaɗan a wurin, amma agogonta yana aiki, lokotoro kuma ya ce a jira minti biyar. Bai taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Ana cikin haka nauyin tsohon ya fara sauko masa, kan ya kwanto a ƙeyarsa. Sabi'u ya kafe dugadugansa a rairayi ya tokare.

"Baba?"

"Ina nan. Ƙasa ce take juyawa. Kaina kuma kamar ana sara."

"Maganin ne yake aiki. Ciwon kan zai wuce."

Da a tsaye yake, da yanzu yana can gindin tudu. Sabi'u bai faɗa ba.

Lokacin ya cika. "Ya sake ku?"

"Ya ragu. Da saura."

Mutum irin Attahir ya ce wa surukinsa da saura, to abin ba ƙarami ba ne. A da ƙwaya ɗaya take isa, haka Raishatu ta gaya masa. Lokotoro kuma ya ce in ɗaya ba ta yi ba a ƙara, in ciwon ya ƙi tafiya ko ya canza hali a nufi asibiti ba ɓata lokaci.

"To ku ƙara ɗaya."

Wannan karon ba gardama. Murfin ya sake juyawa. Sabi'u ya tsinci kansa yana salati a zuci, idonsa a kan salula, bayansa yana sauraron abin da kunne ba ya ji. A hankali numfashin ya fara tsawo. Kafaɗun da suka ƙame suka saki.

"Alhamdu lillahi," in ji Attahir. Ya yunƙura zai miƙe.

"Tukuna, Baba. In kun miƙe da sauri jirin zai dawo. Ku dafa ƙasa da hannu biyu, bari in ɗauko ruwa."

Ya je wurin babur bai waiwaya ba, ya kwance jarkar, ya dawo da baya-da-baya kamar mai jan akuya, har ya sake zama a gurbinsa. Ya miƙa jarkar ta gefe. Ya ji ruwa yana wucewa a maƙogwaron tsohon. Aka miƙo masa, shi ma ya kafa kai ya sha har sai da numfashinsa ya ɗauke. Ruwan ya yi ɗumi, yana warin roba.

Sun daɗe a haka kafin Attahir ya yi magana.

"Zangon yana bayan tudun nan. Sauran tafiyar ba yawa."

"Belbeji za mu koma."

"Mutum ya mutu, Mushe. Tare muka yi ƙuruciya. Matarsa tana can tana duban hanya."

"Na sani, Baba. Allah ya jiƙansa. Amma yau sai da kuka sa biyu, kuma sauran tudun yana nan bai ragu ba. Can kuma ba likita, ba rezo." Ƙarfin yin tsawa ya ƙare masa, a hankali yake magana. "Babur ɗin kudu zai yi. In kun so ku yi fushi da ni, ku yi a Belbeji."

Attahir bai sake yi masa magana ba a ranar.

Sabi'u ya juya babur ya gangaro da shi inda ƙasa take da ƙarfi, ya koma ya tsaya kusa har tsohon ya miƙe a hankali, suka sauko taki-taki. Da suka hau, ya ga hannayen da ke riƙe da ƙarfen baya suna rawa. Ya ɗauki igiyar jarka ya zagaya ta a ƙugunsu su biyu ya ɗaure a cikinsa. Tsohon ya bar shi. Haka suka dawo, a hankali, rana a tsakar ka, wani lokaci kan Attahir ya kwanto a kafaɗarsa, wani lokaci ya ɗago.

Hanyar asibiti ta gaban teburin mai shayi ta bi. Duk wanda ke zaune a wurin ya gani.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, ya auna jinin Attahir, ya saurari ƙirjinsa, ya yi wa Sabi'u tambayoyi. Da ya ji ƙwaya biyu aka sa, kuma ciwon ya fi na da tsanani, ya ce ba zai kwana a nan ba, Damagaram za a wuce da shi yau, inda ake da na'urar duba zuciya. Sannan ya ce a sauke amawali. Sabi'u ya fita ya ja ƙofa.

Ya zauna a benci a baranda. Bayan rigarsa ya jiƙe da gumin mutum biyu. Ba a jima ba Raishatu ta shigo da gudu-gudu, ta wuce shi ta shige ɗakin. Gwaggo Balki tana biye da ita, amma ita a kansa ta tsaya.

"Ashe ɗaure shi ka yi da igiya kamar tunkiya, ka ratsa gari da shi? Dattijo kamar wannan? Har gida aka zo aka gaya mini."

"Yana da rai, Gwaggo."

"Dama Allah bai ƙaddara ba."

Da safe ne da ya ba ta amsa mai tsawo. Yanzu kallonta kawai ya yi. Ta ja tsaki ta shige.

Motar asibiti tana gyara tsayuwa a tsakar fili Raishatu ta fito. Idanunta sun yi ja. Ta zauna a gefen bencin.

"Ya ba ni saƙo gare ka."

"Ina ji."

"Ya ce a gaya wa Mushe bayansa ƙashi ne zalla. Wai ko ba na ba ka abinci ne." Ta yi ƴar dariya tana share ido da gefen mayafi.

Sabi'u bai yi dariya ba. Ya san nan da ƴan kwanaki haka za a riƙa ba da labarin, abin raha a wurin shan shayi, suruki da suruki baya da baya a kan tudu, ba wanda zai tuna saura kaɗan a ɗauko gawa.

"Shi ke nan saƙon?"

"Ya ce kuma an binne abokinsa bai je gaisuwa ba, wannan yana wuyanka."

"Na ɗauka. Ki koma ki tambaye shi, in ya sake tasowa a cikin mutane, zai zauna ya sa?"

"Na tambaya."

"Ya ce me?"

"Ya ja amawali ya juya fuska bango."

Aka fito da Attahir, aka kwantar da shi a motar. Raishatu ta gyara goyo ta shiga ta zauna a kusa da kansa, Gwaggo Balki ta bi ta. Sabi'u ya tsaya daga nesa kamar yadda ya kamaci suruki. Sai da motar ta fita daga ƙofa wani abu ya faɗo masa a rai, ya ji gajiyar ta ninku. Damagaram garinsu ne. Kafin magariba danginsa za su ji labari, gobe da safe su cika ɗakin marar lafiya da kwanonin abinci, su shimfiɗa tabarmi, su yini a zaune don nuna zumunci. Surukai zalla, daga bango zuwa bango.

Ya koma benci ya kira yayansa Yusuf. Suka gaisa, ya gaya masa abin da ya faru a taƙaice.

"Subhanallahi. Yanzu zan sanar da kowa, gobe duk muna can."

"Abin da na kira ka a kai ke nan, Yaya. Ku je, amma ku gaishe shi daga ƙofa ku juya. Kada kowa ya zauna."

"Kamar yaya kada a zauna? Surukinmu yana kwance a garinmu mu leƙa mu tafi kamar baƙi? Kai Sabi'u, karatun nan naka wani lokaci... Me mutane za su ce?"

Sabi'u ya rufe ido, ya jingina kai da bango, ya fara yi masa bayani tun daga farko.